Babur a Cikin Leda

Shafi na 17

Masu cika mini waya da saƙo, rezon waya ne babu a inda nake. Ga shi nan.

*

Jaka ɗari uku da hamsin na sefa, a naɗe cikin safa, safar a aljihun ciki.

Takardar ɗaukar aiki daga sarwis ɗin kiwo, ma'aikatar kula da dabbobi.

Katin shaida.

Gorar ruwa.

Ƙuli-ƙuli.

Ƙaramar tocila.

Abin da na ɗauko ke nan daga Dungas. Mun wuce Dantchiao wajen hantsi, mu goma sha ɗaya a motar da aka yi don mutum bakwai, hannuna na dama bai bar ƙirjina ba.

Ranar Asabar ce. Litinin zan fara aikin rigakafin dabbobi a karkarar Guci. Shugaban sarwis bai ɓoye mini komai ba: wanda ba shi da moto, wato babur, ba shi da aiki, kuma akwai mutum uku a bayana suna jira.

Kuɗin na Inna ne. Bijiminta ne da gyaɗar bara. Babu wani bijimin.

Na riga na raba su a kaina. Ɗari uku na babur na hannu. Sauran na hular kwano, safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu, da takardu. Shekara shida ina karatu a Aljeriya, ban koyo abu da yawa ba, amma na ga yadda kan mutum yake komawa idan ya haɗu da kwalta.

Da safe, tana ɗaure mini ƙuli-ƙulin, Inna ta ce, "Abin da kawunka ya nuna maka shi za ka ɗauka. Kada ka tsare shi da tambayoyinku na 'yan lakwal, 'yan boko."

Ba ta kalle ni ba da ta faɗa.

*

Kawu Jibo ƙanen Inna ne. Dillali ne a Magarya. Awaki, gona, waya, babur, duk abin da yake da mai saye.

Yana jirana a tasha.

"Likitan awaki, ka iso."

"Na iso, Kawu. Ina kwana."

"Kuɗin fa?"

"Suna lafiya. Suna gaishe ka."

Ya yi dariya, amma idonsa ya sauka daidai aljihuna na ciki.

Muka taka. Da muka zo layin masu sayar da babura sai ya wuce, ko waiwaye bai yi ba.

"Kawu, ba nan ba ne?"

"Nan na baƙi ne. Kai ɗan gida ne."

Muka bi wani lungu, muka sake bin wani, har bayan masu saƙar gado. Shago ɗaya ne a wurin, mai ƙofar ƙarfe. Wani dattijo na zaune a bakinsa yana wanke noti cikin gwangwanin mai.

"Sambo ke nan," in ji Kawu. "Duk Magarya babu bakanike kamarsa. Sambo, ga ɗan Yaya, wanda na ce maka."

Na gaishe shi. Ya amsa yana kallon gwangwanin.

Kawu ya tura ƙofar.

Babur ne baƙi, a tsaye a tsakiyar shago. Tanki a naɗe cikin leda mai ƙuraje. Kujera cikin leda. Gefe da gefe kwali da leda. Har madubi an sa masa riga.

Wanda bai san ƙasarmu ba sai in gaya masa. A nan ba a cire wa sabon babur ledarsa. Mutum sai ya shekara yana hawa da ita, har rana ta cinye ta da kanta. Leda ita ce shaidar sabo. Kuma wanda ya yage ta kafin a gama ciniki, ya saya.

"Sabo dal," in ji Kawu. "Ko ƙasa bai sani ba."

"Nawa?"

"Don kai ne, ɗari uku."

"Sabo a garin nan bai gaza ɗari biyar ba. Na tambaya tun makon jiya."

"Ka tambayi baƙi."

"Na wane ne?"

"Wani Alhaji ne ya saya wa ɗansa. Kafin a kawo, ɗan ya gudu Libiya. Ba ya son ganinsa."

"Alhajin ina?"

"Sassumbrum. Ba ka san shi ba."

"Takardun duwan fa, na shigo da shi ta iyaka?"

"Suna zuwa."

"Daga ina?"

"Nafi'u, babur ka zo saye ko alƙalanci?"

Na zagaya shi a hankali.

Agogon kilomita yana nuna goma sha huɗu. Tayoyi sababbi ne, gashinsu bai ma kaɗe ba. Sarƙa sabuwa.

Amma makullin da ke jiki ya yi sumul, haƙoransa sun cinye. Sabon makulli yana da kaifi.

Kuma shagon yana warin fenti.

Na leƙa waje.

"Malam Sambo, yaushe Alhajin ya kawo shi?"

"Wane Alhaji?"

"Mai babur."

Ya ɗago ya kalli Kawu ta saman kafaɗata.

"Au. Na Matamai. Ya ɗan kwana biyu."

"Na Sassumbrum," in ji Kawu. "Asalinsa ne Matamai."

Na ce to.

*

"Ko na ɗauka," na ce, "sai na fara zuwa kasuwa. Ban sayi hular kwano ba."

Kawu ya tafa hannu.

"Ka ji ko, Sambo? Ban gaya maka ba? A wannan zafin zai kifa tukunya a kansa. Awakin Guci su gan shi su watse."

"Kaina ne, Kawu."

"Na san halinka. Shi ya sa na tanadar maka. Riƙe kuɗinka."

Ya jawo wani buhu daga bayan ƙofa. Ya zaro hular kwano, baƙa, mai gilashi.

"Nawa?"

"Kyauta."

Tun ina yaro Kawu Jibo bai taɓa ba ni ɓarin goro kyauta ba.

Na karɓa.

Fentin sabo ne, har ya ɗan taɓa gefen gilashin. Cikinta yana warin busasshen tattasai.

Hular da ta taɓa bugun ƙasa ta gama aiki, ko da waje bai nuna ba. A ciki ake ganewa. Sai an ɗaga ƙyallen an duba farin soson da ke ƙarƙashi. Na sa yatsa na ɗaga.

Soson lafiya lau. Ko ɗigon tsaga babu.

Amma akwai rubutu a jikinsa, da shuɗin biro.

RABILU, DUNGAS. Da lambar waya a ƙasa.

Rubutuna ne. Lambar ma tawa ce, ta Aljeriya.

Rabilu yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara uku da suka wuce ya kira ni yana murna ya sayi babur. Na tara kuɗin abincina na saya masa hular nan, na ba wani direba mai bi ta Agadas. Na rubuta sunan a ciki saboda kwali yakan yage a hanya.

Shekara biyu ke nan da rasuwar Rabilu. Ina tsakiyar jarrabawa aka kira ni. Zazzaɓi, aka ce, kwana uku. Babur kuma an sayar a hayin iyaka an sayi magani.

Na juya hular na nuna wa Kawu.

"Mene ne wannan?"

Ya matso. Kawu ba ya karanta boko. Ya kalli rubutun, ya kalle ni.

"Sunan kamfani ne."

"Sunan Rabilu ne. Ni na rubuta."

Waje, ƙarar notin da Sambo ke wankewa ta tsaya.

Kawu ya gyara hularsa. Bai ɗauki lokaci ba.

"To, ta marigayi ce. Sai me? Bai taɓa damuwa da ita ba. Tana rataye a ɗakinsa, Azumi na zuba tattasai a ciki. Na ce maimakon ta lalace gara ƙanensa ya mora."

Azumi matar Rabilu ce. Tana gidanmu har yanzu da 'ya'yansu biyu.

"Fentin fa?"

"Don kada ka gani ranka ya ɓaci. Laifi ne?"

"A'a."

"To."

Amsar ta zauna. Abin da ya dame ni shi ne saurin da ta zo.

Na ajiye hular a kan benci. Na koma wajen babur.

"Malam Sambo, tayar mini da shi."

Ya shigo yana goge hannu. Bugu ɗaya ya tashi. Ƙarar inji mai lafiya, amma ba ta sabo ba. Sabo yana da wata 'yar tsauri. Wannan ya san hanya.

"Buɗe mini kujera."

"Makullin kujerar ya ɓata," in ji Kawu.

"A sabon babur."

"A wajen Alhajin yake."

Na kunna tocila. Na durƙusa. Na haska ta ƙarƙashin kujera, inda ledar ta haɗu da kwali. An naɗe wurin da salatif, ninki uku. Kamfani ba ya naɗi haka. Ta cikin ledar ina ganin inuwar wani abu ɗan ƙarami, a ɗaure da ƙarfen.

Na sa farce a bakin salatif ɗin.

"Nafi'u." Muryar Kawu ta canza. "Ka san doka. Ka yaga, ka saya. Sambo shaida ne."

"Na ji."

"Ɗari uku. Ko dala ba za a rage ba."

"Na ji, Kawu."

Na yaga.

*

A wuyan babur, inda ƙarfen gaba ya haɗu da gangar jiki, akwai walda. An goge ta, an shafe da fenti, amma tana nan kamar tabon wuƙa.

A baya akwai ramuka huɗu da aka toshe. Duk ɗan yankin nan ya san su. Nan ake ɗaure ƙarfen ɗaukar jarkokin mai.

Abin da na gani a ƙarƙashin kujera kuma laya ce. Jar fata, ɗinkin koren zare, an ƙulle bakin zaren sau uku. An ɗaure ta da waya, wayar har ta yi tsatsa.

Ɗinkin Inna ne. Irinta ta ɗinka mini ranar da zan tafi karatu. Ba ta ba baduku, da kanta take yi, kuma 'ya'yanta kaɗai take yi wa.

Na bar hasken tocilar a kanta.

Kawu ya juya kan Sambo.

"Ban ce ka cire ba?"

"Ka ce."

"To?"

"Na canza maka taya. Na canza sarƙa. Na mayar da agogo baya, Allah ya yafe mini. Na yi fenti, na nemo leda. Amma ni ba na yanke layar wani, Jibo. Na ce ka zo ka cire da hannunka."

"Na zo ai."

"Ka zo. Ka ɗauki almakashi, ka tsaya, ka ajiye. Ka ce in rufe da leda ba mai gani."

Kawu ya zauna a kan buhun.

Na kashe injin. Shagon ya yi tsit.

"Wannan babur ɗin Rabilu ne," na ce.

Ba wanda ya musa.

"Wanda aka sayar a hayin iyaka aka sayi magani."

Na taɓa waldar da yatsa.

"Zazzaɓi ba ya karya wuyan babur, Kawu."

"Allah ne ya karɓi abinsa."

"Na sani. Ta wace hanya nake tambaya."

Ya kalli ƙofa. Sambo na tsaye a bakinta.

"Gaya masa," in ji Sambo. "Ni na gaji. Shekara biyu abin nan yana shagona, kullum na buɗe ƙofa shi nake fara gani."

Kawu ya shafa fuska.

"Mai yake ɗaukowa daga iyaka. Jarka shida. Ta daji, don kada ya haɗu da 'yan duwan. Kowa na yi."

"Wa yake ɗauko wa?"

"Kowa na yi, Nafi'u."

"Wa?"

"Ni. Ina biyansa. Ba bauta yake mini ba."

"Sai me ya faru?"

"Da safe ne. An yi ruwa, hanya ta zaizaye. Ya faɗa wani rami da gudu, nauyin ya kifar da shi. Kansa ya sami saiwar gawo. Wasu Fulani suka ɗora shi a amalanke. Bai kai likita ba."

"Jikinsa fa?"

"Ko ƙwarzane babu. Kan ne kawai."

Na kalli bencin. Hular tana nan, soson cikinta fari tas.

"Ka ce bai damu da ita ba."



Sambo ya ce, "Ya sa ta. Sati biyu yana sawa. Har nan ya zo da ita yana nuna mini, wai ƙanensa ya aiko daga ƙasar Larabawa. Ana masa dariya, shi ma yana dariya."

"Me ya sa ya daina?"

"Duk ƙauyen da ya shiga da ita sai masu sayen mai su rufe ƙofa. Sun ɗauka ɗan duwan ne ko jandarma. Wa ke sa kwano a daji in ba hukuma ba? Ciniki ya tsaya."

"Sai ya ajiye."

"Sai aka ce ya ajiye."

"Wa ya ce?"

Sambo ya koma kallon hannunsa.

Kawu ya ce, "Ban san gaibu ba."

Na yi tsammanin zan ji wani abu ya taso mini. Bai taso ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne tocilar tana kunne har yanzu. Na kashe ta.

*

"Inna ta sani?"

"Ita ta wanke rigarsa."

"Ta ce mini zazzaɓi."

"Ita ta ce a gaya maka haka. Ta ce in ka ji gaskiya za ka baro jarrabawa ka taho, a yi asara biyu. Duk wanda ya buɗe baki ba ita ba shi. Ka san Yaya."

Na san ta. Wannan kam zai iya zama gaskiya.

"Babur ɗin fa? Ta san yana nan?"

Kawu ya miƙe zaune. Na ga lokacin da dillalin ya dawo jikinsa.

"Ita ta shirya wannan duka."

"Wanne?"

"Cinikin nan. Zauna ka ji. Babur na marayu ne, ko ba haka ba? Duk ƙasar nan ba mai sayen abin da ya kashe mai shi. Shekara biyu ina nema. Kai kuma kana son babur, kuɗinka ba su kai na kirki ba. Yaya ta ce a gyara shi a ba ka. Kai ka sami abin hawa, kuɗin su koma wa 'ya'yan ɗan'uwanka. Bijiminta bai fita gida ba ke nan. Ina cutar?"

"Ledar ma ita ta ce a sa?"

"Ta ce kada ka gane. Yadda za a yi ta bar mini."

"Uwar da ta binne ɗa guda za ta ɗora ɗayan a kan wannan?"

"Ka daɗe ba ka nan. Kana can kana cin burodi. Ba ka san yadda ake rufa asiri a gida ba."

Na tuna safiya. Na tuna ba ta kalle ni ba.

Zai iya yiwuwa.

"Azumi ta sani?"

"Me ya kawo Azumi?"

"Kuɗin 'ya'yanta ne. Shekaranjiya na tambaye ta abin da Rabilu ya bari. Ta ce akuya ɗaya da gado. Na ce babur fa, ta ce Kawu ya ce hukuma ta riƙe."

"Haka aka gaya mata."

"Ni an ce an sayar. Ita an ce hukuma. Inna me aka ce mata?"

"Ina gaya maka ita ta..."

"Kuɗin wa zan ba yau?"

"Ni mana. In kai wa Yaya."

"Jiya suna hannunta. Me ya sa sai sun zo Magarya sun koma?"

"Don kada ka gane, na ce."

"Gyaran nan wa ya biya?"

"Ni."

"Za ka cire?"

"In ci asara?"

"Da la'ada?"

"Sana'ata ce."

"To nawa zai isa wajen marayun?"

Ya zaro waya daga aljihu.

"Kira Yaya," ya ce. "Ga waya. Kira gidan Fadi maƙwabciyarku a kai mata."

Ya miƙo wayarsa. Ko ɗar bai yi ba. Ko dai gaskiya yake faɗa, ko ya san Fadi tana kasuwar Dungas a wannan lokacin.

Ban karɓa ba.

"Inna ta iya ƙarya a waya. Shekara biyu ina saurara. Ido da ido ne ba ta iya ba."

Na juya wajen Sambo.

"Malam Sambo, tambaya ɗaya. Ka bar Kawu, ka amsa mini don Allah. Waldar nan za ta riƙe?"

Ya durƙusa ya shafa ta da babban yatsa.

"Ni na yi ta. Za ta kai ka Dungas in ba ka yi gudu ba."

"Yashin Guci fa? Kullum, da akwatin allura a baya?"

"Ban ce ba."

"In ɗanka ne?"

"In ɗana ne sai ya tafi da ƙafa."

Kawu ya miƙe.

"Sambo, da kai aka ci, yanzu kai ne malami?"

"Ban ci ba tukuna. Kuma na fasa."

"Ya yaga leda," in ji Kawu. Yanzu da ni yake. "A gabanka ya yaga. Ko wajen sarkin dillalai aka je, ya saya. Ka fito da kuɗin, Nafi'u. Litinin jibi ce. Ka bar nan hannu wofi, ka zaga kasuwar nan duka, ɗari uku ba za ta ba ka abin da ya fi wannan ba. Ka koma gida ka zauna, takardarka ta Aljeriya ta zama abin fifita."

Wannan ma gaskiya ne. Na zaga kasuwar makon jiya. Abin da ɗari uku ke saye a can yana hayaƙi tun kafin a hau.

Kawu ya fi kowa iya faɗin gaskiya a inda take masa amfani.

*

Na fara da tanki.

Na ja ledar, ta taho gaba ɗaya. Na cire ta kujera. Na ɓalle kwalayen gefe. Na zare rigar madubi. A ƙarƙashin sabon fentin tankin akwai loɓawa, wadda aka cike aka lallaɓa. Asalinsa ja ne, ana gani a bakin murfin mai.

Da na gama, babur ne tsoho mai sababbin tayoyi. Duk wanda ya san Rabilu zai gane shi daga nesa.

"Me kake yi?" in ji Kawu.

"Ka ce na saya."

"To kuɗin."

"Ba kai ke da shi ba."

Na ɗauki hular. Na mayar da ƙyallen cikinta. Na sa. Ta yi mini daidai, dama da kaina na auna ta a shagon da na saya. Warin tattasai ya cika mini hanci.

Ba wanda ya yi dariya.

Sambo ya ɗauko wata gora ya juye mai a tanki.

"Bi ta kwalta iyakar inda ta tsaya," ya ce. "In ka shiga yashi kada ka taɓa birkin gaba."

"Nawa ne man?"

"Tafi."

Na tura babur ɗin zuwa ƙofa. Kawu ya riƙe ƙarfen baya.

"Ni ƙanen uwarka ne."

"Shi ya sa ban wuce wajen jandarma ba."

"Za ka tona abin da aka rufe shekara biyu. Don me? Zai dawo ne?"

"Saki, Kawu."

Ya saki.

Na fitar da shi rana. Sambo ya biyo ni. Kawu ya tsaya daga ciki, a tsakiyar ledar da ta zube a ƙasa.

"Ji nan," ya ce. Muryar ta sauka. "Na yafe la'adar. Na yafe gyaran ma. Ka kai wa Azumi kuɗin da hannunka, ba ruwana."

"To."

"Abu ɗaya. In ka isa, kada ka shiga gida da shi. Ka bar shi a bayan gari, ko gidan wani. Gobe in zo da kaina."

"Me ya sa?"

"Ka dai bari in riga ka magana da ita."

"Wace magana? Ka ce ita ta shirya."

Ya kalle ni. Ya kalli Sambo.

"Tana da hawan jini," ya ce.

"Me ka ce mata ya sami babur ɗin, Kawu?"



Sambo ne ya yi magana, a hankali, yana kallon ƙasa.

"Ranar sadakar uku ta ce a kai shi daji a cinna masa wuta. Ina wurin."

"An ce mata an cinna?"

"Wannan kuma ban sani ba. Abin da ya biyo baya tsakaninsu ne."

"Daga baya ta canza magana," in ji Kawu da sauri. "Wallahi ta canza. Nafi'u, tsaya ka ji."

Ya tako zai fito.

Na kama ƙofar ƙarfen na jawo ta. Ta rufe tsakaninmu.

Na ɗaga gilashin hular don ya ji ni sosai.

"A ƙofar ɗakinta zan kafe shi, Kawu. Yau, kafin la'asar, Azumi na tsaye. Ba wanda zai taɓa dala ɗaya sai na ga fuskar Inna."